Wayar da Ba a Shanya a Kanta

A duk faɗin Kumasi, har da unguwarmu Moshi Zango, mutum huɗu na sani da suke murna idan an ɗauke wuta, kuma ɗaya daga cikinsu ubana ne. Shekarun da dumso, wato ɗauke-ɗauken wuta, ya addabi Kumasi, wuta ta zo ta tafi yadda ta ga dama, kowa tsinuwa yake yi. Mai ƙanƙara na kuka, mai aski na kuka, ni ma da kifina ya ruɓe a firji na yi nawa. Amma da fanka ta tsaya sai ka ji muryar Baba daga ɗakinsa: "Alhamdu lillahi! A miƙo min akwatin." Wata 'yar haya ta taɓa jana gefe ta ce, "Anti, tsohon nan naku lafiya yake kuwa?" Na ce mata ciwon nasa ya girme ta, kuma mun daina neman magani.

Sunan ciwon kamun tasha. Ba sauraron labarai nake nufi ba, wannan kowane dattijo a Zango yana yi safe da yamma, da Hausa tsantsa daga ƙasashen Turawa. Su Baba sun raina wannan. A wurinsu tashar da kowa ke ji ba tasha ba ce. Abin da suke nema shi ne muryar da ta taso daga can ƙarshen duniya, wadda sai ka manna kunne a jikin akwatin rediyo, ka riƙe numfashi, ka yi ta murza maɓalli kaɗan-kaɗan kafin ka tsinto ta cikin shuuu da ƙiii. Ba sai sun ji yaren ba. Na taɓa ganin manyan mutane masu iyali sun yi tsit suna sauraron wani yana magana da harshen da ba wanda ya san na wace ƙasa ne, yana gamawa suka hau musabaha kamar an yi musu haihuwa. Ba mamaki farashin shinkafa bawan Allah yake karantawa.

Zamani ne ya zo musu da abokan gaba: fitilun nan masu farin haske da cazar waya. Kowane ɗaki a gidanmu akwai su, kuma muddin suna kunne ba abin da akwatin Baba ke kamawa sai gurnani. Sai an ɗauke wuta, unguwa ta mutu, sannan duniya ke buɗe masa, don akwatin nasa da batir yake aiki. Shi ya sa baƙin cikinmu ya zama ranar sallarsa.

Ƙungiya ce da su tun ina ƙarama. Lokacin da take da ƙarfi shagon wani tela a Alabar ba ya ɗaukarsu, har a bakin titi suke jera benci ranar Lahadi bayan la'asar. Zuwa lokacin da nake ba da labari saura huɗu. Akwai Baba. Akwai Telan nan, wanda idonsa ya daina ganin kafar allura amma bakinsa bai daina ɗinki ba. Akwai Direba, tsohon direban babbar mota da ke zaune a Sofoline, mutumin arewacin Gana da ya koyi Hausa a tashar mota kuma yake yi mata yadda ya ga dama. Sai Ciyaman, tsohon akawun kamfanin katako. Sau ɗaya aka zaɓe shi, kafin a haife ni, ba a kuma sake zaɓe ba, don duk wanda ya tayar da maganar sai ya ce ba ta cikin abin da za a tattauna yau.

Babbar dokarsu daga ganin watan azumi suka aro ta. Ba a yarda ka kama tasha sai mutum biyu ban da kai sun ji da kunnensu. In ta tabbata, Ciyaman ya zaro kwalbar jan farce daga aljihu ya ɗiga ɗigo ɗaya a gilashin akwatinka, daidai inda allurar ta tsaya. Girman mutum a ƙungiya yawan ɗigonsa. Gilashin Baba kamar mai ƙyanda yake. Inda Ciyaman ke samo jan farcen kuwa, matarsa ta koma ga Allah tana zargin 'ya'yanta mata.

Kamun tasha ba ya yiwuwa sai da waya. Baba ya ja wayar jan ƙarfe daga kan rufinmu, ta ratsa tsakar gida, ta ƙare a bishiyar mangwaron maƙwabta. Wata kuma ta sauka ƙasa, a ɗaure da guntun bututun ƙarfe da ya kafa a gindin bango. Kullum yana zuba wa bututun nan ragowar ruwan alwala, wai ƙasa mai laima ta fi jawo murya. Mutumin da bai taɓa ba shuka ruwa ba a rayuwarsa, amma ƙarfe bai taɓa kwana da ƙishi a hannunsa ba.

To duk wanda ya san gidan haya a Zango ya san darajar igiyar shanya. Ɗakuna da yawa, mata da yawa, ruwan Kumasi kuma ba ya sallama kafin ya sauko. A tsakiyar wannan hali ga waya doguwa miƙaƙƙiya, a daidai inda rana ta fi bugawa, tsakiyarta ta ɗan sauko inda hannun mace zai kai in ta yi ɗage, an ce kar a taɓa. Baba ya ce jiƙaƙƙen kaya yana shanye murya. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ban sani ba har yau. Na dai san ko tsuntsu ya sauka a kanta sai ya sha jifa.

Uwata, wadda muke kira Mma, koko da ƙosai take sayarwa a ƙofar gida. Iyayenta daga Nijar suka zo, ta kuma gado musu ƙarancin magana da dogon riƙo. Allah ya ba ta kunne. In mutum ya yi magana sau ɗaya a gabanta, ta ɗauke shi ke nan. Takan yi muryar liman, ta yi ta mai gida da ke zuwa karɓar haya, ta yi ta Baba yana tari, mu yi ta birgima a ƙasa, ita ko murmushi babu. Tana kuma da wata 'yar waƙa marar kalmomi da take yi da hanci in tana rarrashin jariri, ta hau ta hau, ta ɗan tsaya, sannan ta gangaro a hankali. Ba yaron da ke jure mata. 'Yan haya har kawo nasu suke yi. Mata suka ce ai irin ta mutanen Nijar ce, Mma kuwa ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Ina 'yar shekara goma ko kusa da haka abin ya faru. Ana gobe sunan ɗan ƙanwarta, Mma ta wanke zanenta na fita, wanda ta fi ji da shi. Igiyoyin gida duk sun cika, hadari kuma yana haɗuwa. Ta duba hagu ta duba dama, ta yi ɗage ta rataya shi a wayar Baba. Shi kuwa ya dawo daga kasuwar goro da wuri ranar. Ya sa bakin lemarsa ya tsinko zanen, ya faɗa cikin ruwan wanke-wanke, a gaban matan gida kaf. Ɗaya ta yi dariya, ta yi sauri ta mayar da ita tari. Mma ta sunkuya ta ɗauki zanenta, ta sake wankewa, washegari ta je suna da wani tsoho. Ba ta yi faɗa ba. Mu da muka san ta mun san da ta yi faɗa da abin ya zo da sauƙi.

Kwana kaɗan bayan haka, da asuba bayan an fito masallaci, Baba yana zaune kan benci a tsakar gida da akwatinsa. Mma tana gefe a bakin wuta tana suya, autanmu a goye. Mu muna barci. Yana cikin murzawa sai wani sauti ya ɓullo siriri, wani kiɗa na buɗe tasha, sannan muryar mace ta faɗi sunan wurin da Turanci. Wani tsibiri ne a tsakiyar teku, can bayan duniya, inda in rana ta fito mana su faɗuwa take yi. Ba wanda ya taɓa kama shi a ƙungiya. Ba wanda ya taɓa jin an kama shi a Kumasi.

Ihunsa ne ya tashe mu. "Kin ji? Kin ji ko?" Ya fita ba takalmi, ya ruga gidan wani ɗan ƙungiya a layin baya. Kafin ya jawo mutumin da buta a hannu rana ta ɗaga, sautin ya narke. Shuuu kawai suka tarar.

Ranar Lahadi Baba ya yi abin da ba a taɓa yi ba: ya kai mace ƙungiya. Saboda girman lamarin Ciyaman ya ce in har matar ta shaida, za a duba yiwuwar sassauta doka. Tela ya ba ni labarin ya fi a ƙirga, kuma kullum sai ya tashi tsaye ya gwada min yadda ta gyara mayafi. Ciyaman ya ce, "Malama, me kika ji daga akwatin maigidanki ran nan da asuba?"

Mma ta ce, "Ni ƙosai nake soyawa. Abin da ke fita daga kasko da abin da ke fita daga akwatin, ban ji bambanci ba."

Shi ke nan. Daga ranar Baba ya zama Mai Tsibiri. Sunan ya fita daga shagon Tela ya bi Alabar, ya shiga kasuwar goro. Duk wanda ya yi ƙarya mai kauri sai a ce masa, "Kai ma daga tsibiri ka jiyo?" Abin dariya ne, ni ma na yi. Amma Baba mutum ne da fatake ke bar wa kaya da baki kawai, ba takarda ba shaida, don an san maganarsa ɗaya ce. A ce a kan abin da ya fi so a duniya ne aka mayar da shi maƙaryaci, wannan ya ci shi. Ya ci shi ƙwarai. Kuma na daɗe ina jin haushin Mma a kai, duk da ban san ko ta ji ko ba ta ji ba.

Shi ma Baba bai taimaki kansa ba. Kunnen da ke tsinto muryar mutum daga ƙasan teku, in aka zo kan kiɗa toshe yake. Sau ɗaya aka ba shi kiran sallah a masallacin layinmu, dattawa suka taru suka roƙe shi ya bar wa Allah. Da 'yan ƙungiya suka ce to ya rera musu kiɗan da ya ji, abin da ya fito daga bakinsa Tela ya ce ya fi kama da akuyar da aka taka wa igiya. Bayan wasu shekaru wani abokin wasiƙar Ciyaman daga ƙasar waje ya aiko masa da kaset mai ɗauke da kiɗan buɗe tashoshi na nesa, har da na tsibirin. Ciyaman ya haddace shi, ya kira Baba, ya kunna masa duka, ya ce ya nuna nasa. Baba ya nuna wani daban. Aka sake ba shi dama, ya nuna wani daban kuma. Direba ya ce ranar ya yi dariya har sai da ya sake alwala.

Amma Baba bai bari ba. Kowace asuba ta Allah yana kan bencin nan, allura a wuri ɗaya, babban yatsansa a kan gilashi. Mma tana gefe tana suya. Haka na tashi na gan su, haka na yi aure na bar su, haka na dawo gida bayan rasuwar mijina na same su. A gilashin da ya cika da jajayen ɗigo akwai wuri ɗaya can gefe da babu ɗigo, sai dusashewa, inda yatsa ya cinye lambobin.

Abin da ya tayar da ni shi ne wata rana a hanyar kasuwa na ga amalanken masu sayen tsofaffin ƙarafa, a samansa akwatin rediyo, gilashinsa cike da jan farce. Na gane shi. Na wani ɗan ƙungiya ne da aka yi sadakar arba'in ɗinsa satin da ya wuce. 'Ya'yansa ba su yi laifi ba, a idonsu tarkace ne mai tara ƙura. Amma kowane ɗigo a jikinsa wata asuba ce da mutum ya yi yana riƙe numfashi, kuma ba wanda ya rage da zai iya cewa wannan na ina ne. Na tsaya a titi kamar sokuwa har mai trotro, motar haya, ya zage ni. Na dawo gida na ce sai na ɗauki muryar tsofaffin nan huɗu a wayata kafin su ma a ɗora su a amalanke.

Ƙafafun Baba sun riga sun ƙi, ba ya iya zuwa Alabar, don haka na ce a haɗu a tsakar gidanmu. Ciyaman ya kafa sharaɗi: ba a taron ƙungiya ba tare da an kunna akwati ba, akwati kuma ba ya magana sai an ɗauke wuta. Suka zo Lahadin farko da manyan riguna, suka zauna suna kallon fanka. Fanka ta yi ta juyi har magariba. Wutar da ba ta taɓa cika yini ba, ranar ta tuna amana. Suka cinye min tuwo suka tafi. Lahadi ta biyu ma haka. Direba ya ɗaga kai sama ya ce, "Wannan laiti, munafiki ne paa. In kana so shi, ba shi zuwa. In ba ka so shi, ba shi tafi." Sai a karo na uku, bayan la'asar kaɗan, fanka ta yi tari ta tsaya. Unguwa ta ɗauki salati da zagi, tsofaffi huɗu suka ɗauki kabbara.

Na kunna wayata na ajiye a tsakiyarsu. Wanda ya ce ɗaukar tarihi abu ne mai sauƙi bai taɓa zama da waɗannan ba. Duk tambayar da na yi, uku ke amsawa lokaci ɗaya, na huɗun yana ƙaryata su. Sun yi musu a kan wanda ya fara kawo akwati mai eriya biyu. Sun yi musu a kan ko Tela ya taɓa faɗowa daga kan mangwaro ko tsalle ya yi da gangan. Mma tana can bakin ƙofar ɗakinta a kan tabarma, ta ba mu rabin baya, jikana na wurin 'yata yana barci a cinyarta.

Sai da Ciyaman ya fara lissafo mamata sannan wuri ya natsu. Ba ya kiran mutum da sunansa kawai, sai ya haɗa da tashar da ya kama: wane, da ya kamo masu kamun kifi na ƙasar ƙanƙara, wane, da ya kamo sojojin da suka yi juyin mulki tun kafin mutanen ƙasarsu su sani. Bayan kowane ɗaya sauran su ce Allah ya jiƙansa. Akwatin Baba yana gefe yana shuuu a hankali, wani mutum can nesa yana ta bayani da yarensa ba mai kula shi. Na ji ƙwalla ta cika min ido, ni da na zo da niyyar yi musu dariya.

Da ya gama na ce, "Alhaji Ciyaman, saura maganar tsibiri."

Ya gyara tabarau. "'Yata, wannan magana a rufe take."

"Ai tarihi nake ɗauka. Ko a rufe take a faɗa."

"To a faɗa. Ya ce ya ji. Ba shaida. Ba a ɗiga ba."

Direba, wanda bai taɓa sanin inda ake taka birki a magana ba, ya ce, "Kuma wannan tasha ya mutu tuntuni koraa. Yarona ya duba a waya. Sun rufe shi. Ko ka zauna shekara dubu ba ka kama shi."

Na ga fuskar Baba. Ashe bai sani ba. Duk asubar nan ta shekarun baya-bayan nan, wurin da babu kowa yake ƙwanƙwasawa. Ya kalli gilashin, ya ɗora yatsa a wurin da ya dushe, ya daɗe. Sannan ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ni dai na ji. Allah ya san na ji." Ya kai hannu ya kashe akwatin.

Tunda nake ban taɓa ganin Baba ya kashe akwati alhali ba wuta ba. Tela ya hau gyaran hular da ba ta karkace ba.

Abin da zan faɗa yanzu Mma tana musunsa har gobe, amma da idona na gani. Hannunta ya shiga ƙarƙashin zanen jaririn nan da ke barcinsa lafiya lau. Yaro ya callara ƙara. Ta ɗaga shi ta ɗora a kafaɗa, ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci maza, abin da ba ta yi, ta fara 'yar waƙarta ta hanci. Ba a hankali yadda ta saba ba. Da ƙarfi, tana kallon bango. Ta hau ta hau, ta ɗan tsaya, ta gangaro.

Ciyaman, mutumin da sai an kama shi yake tashi, ya miƙe ba sanda.

"Hajiya. Sake."

Ta sake.

"A ina kika samo wannan?"

"Inda ake samunsa. A akwatin wancan mutumin, da asuba, ina suya."

Ciyaman ya koma ya zauna daɓas. Ya ce, "Shi ne. Wallahi shi ne. Har ɗan tsayawar nan ta tsakiya."

Baba ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Wai me ake ciki ne? Waƙar yara ce fa. Kullum tana yin ta."

Direba ya zame daga kan benci. Yana dariya yana dukan ƙasa yana cewa, "Shekara arba'in! Matan ya sa tasha a hanci, yana yi maka a kunne safe da yamma, kai kana neman shi a sama!" Tela ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa na rasa ko dariya zan yi ko kuka, don lissafi ya faɗo min gaba ɗaya: mu manya ba a yi mana waƙar nan ba. Da autanmu aka fara ta. Har kishi na yi a lokacin, na ce don me shi aka yi masa sabuwa. Na faɗa musu haka, na ce kuma a lokacin kaset ɗin Ciyaman ko a mafarki bai zo ba.

Ciyaman dai Ciyaman ne. Ya share ido ya ce doka ta ce shaida biyu, wannan ɗaya ce. Tela ya ce, "Haba Alhaji, ka ji tsoron Allah. Mu nawa muka rage da za ka yi mana doka?" Direba ya ce in ba a ɗiga ba yau za a yi zaɓe, kuma shi zai tsaya. Ina jin wannan ce ta yi aiki. Ciyaman ya yi gyaran murya ya yanke hukunci cewa shaidar da aka yi ta maimaitawa kowace rana tsawon wannan zamani, a gaban yaran gida guda, ta wuce a ƙirga ta ɗaya. Ya laluba aljihu ya fito da kwalbarsa. Ta bushe ƙamas, ko murfin ya ƙi buɗuwa. 'Yata ta shiga ɗaki ta kawo nata, wani ja mai ƙyalƙyali irin na 'yan matan yanzu. Ciyaman ya ɗiga, ɗigon ya fito ƙato, a karkace, ya ɗan zubo. Duk gilashin ba mai muninsa.

Baba bai kalli ɗigon ba. Mma yake kallo.

"Kin ji ashe."

"Da kunne aka haife ni."

"To me ya sa?"

"Zanena."

"Wane zane?"

Mma ta juyo gare ni ta buɗe hannu. "Kin gani ko? Bai ma tuna ba."

Sai da na tuna masa, da lema da ruwan wanke-wanke da matar da ta yi dariya. Ya yi ta nema a kansa, kuma na rantse bai samu ba. Amma ya ce, "Ban kyauta ba." Ban taɓa jin kalmar nan daga bakinsa ba, kuma ina zaton Mma ma haka, don ta hau jijjiga yaron da ya riga ya koma barci. Can ya ce, "To yau me ya canja?"

Ta ce, "Ka kashe akwati ba wuta. Ban so ganin haka ba."

Ya ɗaga kai ya kalli wayarsa da ta ratsa tsakar gida, ta yi baƙi saboda tsufa. "Ki shanya. Daga yau duk abin da kike so ki shanya a kai."

"Yanzu da hannuna ba ya ɗaguwa? Riƙe kayarka."

Kafin baƙi su tashi ya roƙe ta ta matso ta yi masa a kunne. Ta yi tsaki, ta ce ita ba akwati ba ce, sannan ta miƙa min yaron ta matso. Ya rufe ido, yana gyaɗa kai a inda bai kamata ba, yana cewa, "Shi ne, shi ne." Ban yarda ya gane ba ko a lokacin. Amma hawaye na bin gemunsa, ita kuma ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe. Ana cikin haka aka kawo wuta, unguwa ta ɗauki ihu, akwatin da Tela ya sake kunnawa ya koma gurnani, ba wanda ya kula.

Da daminar da ta biyo baya Baba ya rasu. A wurin zaman makoki duk wanda ya ce Mai Tsibiri, sai Ciyaman ya ɗaga yatsa ya ce, "An tabbatar." Abin da na ɗauka a waya yana nan, na tura wa 'yan'uwa har waɗanda ke ƙasashen waje. Rabinsa tari ne da musu, sai ƙarar jariri, sai muryar Mma. Akwatin yana ɗakinta a kan kabad, ta rufe shi da ƙyalle, ba ta kunnawa, ba ta kuma bari a goge gilashin.

Watan jiya muka yi sabuwar 'yar haya, yarinya mai kirki, ba ta san komai ba. Ta yi wanki, igiyoyi sun cika, ta ga waya doguwa a rana ba kowa a kai, ta yi ɗage ta rataya tawul. Ina ɗaki na ji faɗuwar abu cikin ruwa. Na leƙo na ga Mma, wadda hannunta ba ya ɗaguwa, tsaye da sandar Baba a sama, tawul a ƙasa.

Yarinyar ta ce, "Mma, me na yi?"

"Ba ta shanya ba ce."

Ta jingine sandar, ta ɗauki butarta, ta taka a hankali zuwa gindin bango ta juye wa bututun ragowar ruwan.